Rabin Milimita

Mutumin da ya rufa maka asiri shekara guda da rabi, sannan ana saura ƙiris ka ci nasara ya zo da hannunsa ya yaye rufin, masoyinka ne ko maƙiyi? In kuma shirun da ya yi da farko shi ne laifin, me ya sa maganar da ya yi daga baya ta fi ciwo? An yi wannan gardama a sashen gyaran jeren haƙora har baki ya gaji, ba a samu wanda ya raba ta ba. Ita kanta Dakta, wadda abin ya faɗo wa a ka, ba ta da amsa a safiyar nan.

Makonni shida suka rage ta kare kundinta na digirin digirgir.

Shekara uku ta yi tana bin yara sittin, waɗanda haƙoransu suka cunkushe har sai da aka cire wasu don a samu fili. Rabinsu ta sa musu waya mai laushi, rabi mai tauri, tana son ta gano wacce ta fi saurin rufe giɓin cikin wata shida. Yadda ake awon ba shi da wuya. A cusa wa yaro wani kwaɓi mai taushi a baki ya ciza, a zaro shi da siffar haƙoransa, a zuba farin siminti a ciki. In ya bushe, ga bakin yaro a tafin hannunka, sai ka sa ma'auni. Sharaɗin ɗaya ne tak: kwaɓin ba ya jira. A zuba cikin minti goma sha biyar, domin in ya kwana tsotsewa yake yi.

Mai zuba simintin shi ne Birkila. Gwaggon Dakta ce ta raɗa masa sunan, ranar da ta ji likitar gidansu ta ce ba ta da miji sai ma'aikacin ɗakin haɗa haƙora. Da sunan ya iso kunnensa dariya ya yi, ya ce ai birkila gida yake ginawa, ya karɓa. Tun daga nan ita ma haka take kiransa in sun kaɗaita.

Ta shigo ɗakin nasa da fara'arta, ta tarar ya jera haƙoran siminti a kan benci, duk ya kifa su, gindinsu yana kallon sama. Ya kashe rediyonsa. Farar ƙura a girarsa kamar kullum, amma bai ɗago ya ce mata "ranki ya daɗe" cikin zolaya ba.

"Lafiya, Birkila? Wa ya mutu?"

"Dakta, karanta abin da ke ƙarƙashinsu."

Ta ɗauki ɗaya. Rubutunsa ne da fensir, ƙanana kamar ƙwan tururuwa: lambar yaro, kwanan wata, da lokacin da ya zuba. Bakwai da minti arba'in na safe. Ta ɗauki na biyu. Takwas saura kwata na safe. Na uku, bakwai da rabi.

Yaran bincikenta da yamma suke zuwa, bayan an tashi daga makaranta.

"Nawa ne?" ta ce, muryarta ta yi ƙasa.

"Ashirin da biyu. Sha bakwai daga ciki na 'yan waya mai laushi ne."

Ta nemi kujera ta zauna. Ba sai an gaya mata wane wata ba ne. Watan da Umma take kwance a asibiti ne, watan da ba ta tashi ba. Dakta takan ɗauki awon yaro tana kallon agogo, ta naɗe kwaɓin da jiƙaƙƙiyar auduga ta jefa a durowa da niyyar aikawa, waya ta yi ƙara, ta suri jaka ta fita da gudu. Da safe ta tarar an zuba, an goge, an jera. Ba ta taɓa tambayar yadda aka yi ba.

"Ranar da kika zo kina murna kina cewa mai laushi ta fi da rabin milimita," ya ce, "gabana ya faɗi. Mako guda na yi ina gwadawa. Na ɗauki awo biyu daga baki ɗaya, na zuba ɗaya nan take, na bar ɗaya ya kwana. Sau goma na yi. Wanda ya kwana giɓinsa yana fitowa a tsuke. Kusan rabin milimitar nan taki, Dakta."

"Shekara guda da rabi kana zaune da wannan?"

"Eh."

"Me ya hana ka faɗa min a lokacin?"

"Kina zuwa idonki a kumbure. In ce miki me? Na ce a raina bambancin zai fito babba, ya shanye kuskuren. Na yi wa kaina ƙarya, na kuma yi miki."

"To yanzu fa? Yanzu idona ba zai kumbura ba?" Ta miƙe. "Ka san abin da Abba ya ce. Ba zai ko saurari maganarka ba sai ranar da na kawo masa takardar digirin nan. Shekara biyu muna lissafin kwanaki, saura arba'in da biyu, sai yau ka ga dama ka zama waliyyi?"

"Ban zama komai ba. In aka buga wannan aikin, likitoci za su karanta su sa wa 'ya'yan mutane waya saboda ke kika ce. Wataƙila gaskiya ce mai laushin ta fi. Wataƙila kuma audugar da ta bushe ce. Ni da ke ba mu sani ba."

"Fensir ne," ta ce, ba ta kalle shi ba. "Yatsa ɗaya da ruwa ya isa."

Ya tura mata kofin ruwan da yake kwaɓi da shi har gabanta, ya janye hannunsa.

Ta daɗe tana kallon kofin. Sai hawaye. Ta ture shi gefe har ya fantsama a benci.

"Allah ya isa tsakanina da kai, Birkila."

"Na ji. Zomo dama ba ya fushi da makashinsa, sai maratayinsa."

Ƙamshi ne ya fara shigowa kafin mai shi. Babban likitan sashen ne, mataimakin Farfesa wajen duba kundinta, wanda ɗalibai suke kira Mai Turare a bayan idonsa. Mahaifinsa, wani Alhaji mai hali, ya yi shekara ashirin yana kawo ɗinki shagon Abba, shi kuma ya yi shekara biyu yana aika gaisuwa gidansu ta hannun Gwaggo. Sau uku Dakta tana ce masa a'a, sau uku yana murmushi yana cewa ba ya gaggawa.

Ya tsaya a bakin ƙofa don kada ƙura ta taɓa takalminsa. Da gani ya jima a wurin.

"Na ji komai," ya ce. "Kada ki damu kanki, Dakta. Wannan sakacin ɗakin zubi ne. Ƙa'ida ta ce duk awon da ya kwana, mai zubi ya ƙi karɓa ya kawo rahoto. Ya kawo?"

"Ban kawo ba, ranka ya daɗe," in ji Birkila.

"Kin ji. Zan rubuta takarda yau, ki sa hannu. Kwamiti yana tausaya wa ɗalibin da ma'aikaci ya cuta. Zan yi magana a bar ki ki kare da yara talatin da takwas ɗin da suka rage, a rubuta a gefe cewa an samu matsala daga ɗakin zubi. Ranarki ba za ta motsa ba."

"Shi kuma fa?"

Mai Turare ya ɗaga kafaɗa. "Gari cike yake da masu neman haƙoran roba. Ba zai rasa abin yi ba."

"Ni na bar su suka kwana, Yallaɓai. A durowata suka kwana."

"Ban ji wannan ba," ya ce cikin taushin murya. "Kuma ba kowa ne zai ji ba, in kina da wanda zai tsaya miki."

Ya juya ya tafi, ƙamshinsa ya tsaya.

*

Kafin ta isa gida da la'asar labari ya riga ta.

Shagon Abba a gaban gidan yake, ƙofa ɗaya ta raba su. Ta tarar da shi a kan keken ɗinkinsa, tef rataye a wuya, Gwaggo kuma a kan bencin masu jiran ɗinki, ta harɗe hannu kamar mai jiran a karanta hukunci.

Abba tela ne tun kafin a haife ta. Shekara talatin da ɗoriya yana yanke zare da haƙori, har haƙoran gaba huɗu na sama suka gaji suka bar shi. Tun daga nan in zai yi magana sai ya kare baki da hannu, in an yi abin dariya sai ya sunkuya. Wata takwas da suka wuce ta lallaɓa shi ta ɗauki awon bakinsa, ta kawo masa haƙoran roba masu kyau har da ɗan giɓin da yake da shi a ƙuruciya. Ya juya su a hannu yana yabawa, sai ya tambaye ta wa ya yi. Da ta faɗa, ya saka su cikin kofin ruwa ya ɗora a kan kantar shagon, kusa da gwangwanin maɓallai. Ya ce gara ya ƙare rayuwarsa da dasashi da ya tauna abinci da hannun yaron nan. Kullum da safe ita take canja ruwan kofin. Ba ta taɓa cewa komai ba, shi ma bai taɓa cewa a zubar ba.

"Ga ta nan," in ji Gwaggo. "Sannu da zuwa, matar Birkila. An gina miki gidan, ko? Ya rufto?"

"Ina wuni, Gwaggo. Abba, sannu da aiki."

"Wunin ke nan. Yaron kirkin nan, babban likitan wurin aikinku, ya bugo min waya, muryarsa har rawa take don tausayinki. Shekara uku na wahala, wani mai kwaɓa siminti ya zubar a kwata. Ba na faɗa ba? Ƙwarya ta bi ƙwarya, in ta bi akushi ta fashe. Ke kuwa akushin ce kika bi ƙwarya, don abin kunya."

Abba ya tsayar da keken. Ya kare bakinsa.

"Uwata, gaskiya ne aikin ya ɓaci?"

"Gaskiya ne, Abba."

"An ce akwai takarda. In kin sa hannu ranarki tana nan."

"Akwai."

"To ki sa."

"Ba zan sa ba."

Gwaggo ta dafe ƙirji. "Inna lillahi! Yaya, ka ji? Wallahi yaron nan ba haka ya bar ta ba. A simintin yake zuba mata wani abu."

"Gwaggo, in da asiri ne ai da ya fara da ke, mu huta."

"Kin ji bakin! Ni kike gaya wa haka? Ni da na goya ki?"

"Yi haƙuri, Gwaggo. Bakina ne ya zarce."

Abba ya ɗaga hannu, suka yi shiru. Ya cire gilashinsa ya ajiye a kan yadin da yake ɗinkawa.

"Dube ni nan. Kin ga bayan nan? Ba haka aka haife ni a tanƙware ba. Na taka keken nan har gwiwata ta daina jin sanyi, don kada 'yata ta san abin da ake kira zo nan, yi kaza. Na san rayuwar mai aikin hannu. Ya yi abu ya yi kyau, a yaba wa wanda ya saka. Ya ɓaci, a nemo shi a zage shi gaban yaransa. Ni ban ƙi yaron nan don ya yi min wani abu ba. Na ƙi shi don na san shi. Ni ne. Ban kai ki jami'a don ki zagayo ki auri irina ba."

Hawayen da ta riƙe tun daga titi suka zubo.

"Abba, irin naka ne ya rene ni. Me ya same ni?"

"Kada ki juya min magana. Ya ɓata aiki ko bai ɓata ba?"

"Ya yi shiru inda ya kamata ya yi magana. Wannan nasa ne, kuma ba zan wanke shi ba. Amma ba shi ya bar awon ya kwana ba. Ni ce."

"Ke?"

"Watan da Umma take asibiti. Kana tuna ƙarfe nawa nake zuwa in karɓe ka? Huɗu da rabi. Yaran nan ƙarfe huɗu suke zuwa. Ina ɗaukar awo in jefa a durowa in taho, don ka samu ka je ka watsa ruwa. Shi yake zuwa da sassafe ya kwashe ya zuba, ya goge min durowar, bai taɓa ce min uffan ba. Yanzu a ce in sa hannu cewa shi kaɗai ne, a kore shi, ni in sa hular digiri a ɗauke ni hoto? Wane bango za ka rataye hoton, Abba?"

Ambaton Umma ya sa Gwaggo ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafinta, amma ba ta daɗe ba.

"To ai shi ke nan, ba da gangan kika yi ba. Jinyar uwa ce. Shi kuwa namiji ne, ya ɗauka mana. In yana sonki da gaske, wannan ce ranar nunawa."

"Zai ɗauka, Gwaggo. Abin da nake tsoro ke nan."

Abba ya mayar da gilashinsa.

"In ba ki sa hannu ba, sai yaushe?"

"Sai na nemo wasu yaran na fara da su. Shekara guda da rabi, in Farfesa ta yarda. In ba ta yarda ba, shi ke nan."

"Maganata ta digiri tana nan inda take," ya ce. "Ba takarda, ba zance. Kuma ƙafar yaron nan ba za ta taka shagon nan ba. Ki zaɓa."

"Na riga na zaɓa, Abba. Zan jira shekara guda da rabi. In ta zama biyar zan jira. Ba zan fita daga gidanka ba tare da albarkarka ba, ba kuma zan auri mai turaren Gwaggo ba ko da shi kaɗai ya rage a duniya."

Ta shige ciki. Ta daɗe tana jira ta ji ƙarar keken ta dawo. Ba ta dawo ba.

*

Washegari ta sa haƙoran siminti ashirin da biyu a kwali, ta jera su a kife kamar yadda ya jera, ta hau bene zuwa ofishin Farfesa.

Farfesa dattijuwa ce 'yar ƙarama, mai gilashi a kan hanci, wadda aka ce ta taɓa mayar wa ɗalibi kundi saboda ya auna haƙori ɗaya sau ɗaya maimakon sau biyu. Mai Turare yana zaune a gefenta. Birkila yana tsaye jikin bango, ya sa riga mai tsabta, ya wanke girarsa. A kan teburin akwai takardu biyu.

"Yauwa, shigo," in ji Farfesa. "Yau na ga abin da ban taɓa gani ba. Mutum biyu da ba sa ga maciji sun kawo min takardu masu magana ɗaya. Wannan ya ce laifin mai zubi ne. Mai zubi ya ce laifinsa ne, har ya haɗa da ajiye aiki. Saura sa hannunki."

Dakta ta juya ta kalli Birkila.

"Wa ya aike ka?"

"Dakta, ki bari…"

"Na ce wa ya aike ka? Jiya ka hana ni goge fensir, yau kai ka zo kana gogewa da biro? Gaskiyar taka ta kwana ta tsotse ne ita ma?"

"Ni ban yi ƙarya ba. Na karɓi awon da ya kwana, ban kawo rahoto ba."

"Ka faɗi rabi ka haɗiye rabi. Wannan karo na biyu ke nan kana yanke min hukunci a bayan idona don kana tausayina. Na farko ya ci min shekara guda da rabi. Ban san abin da na biyu zai ci ba, kuma ba na son in sani. Ni ba marar lafiyarka ba ce, Malam."

Ya sunkuyar da kai.

Ta dire kwalin a kan teburin, ta gaya wa Farfesa komai: watan, durowar, audugar, gwajin da ya yi sau goma. Mai Turare ya yi gyaran murya.

"Ranki ya daɗe, yarinyar tana cikin damuwa. Da talatin da takwas ɗin ma za a iya…"

"Talatin da takwas, sha uku kacal a ɓangare ɗaya?" Farfesa ta dube shi ta saman gilashi. "Kai ka koya wa ɗalibai lissafin adadin da ake bukata, ko ba kai ba ne? Kuma jiya ka ji ta ce a durowarta suka kwana?"

Ya duba agogonsa.

Farfesa ta ɗauki haƙoran ɗaya bayan ɗaya tana karanta fensirin. Ta daɗe.

"Kai," ta ce wa Birkila, "takardar gargaɗi za ta shiga fayil ɗinka, ƙarin girman bana kuma ka manta da shi. Ɗauki wannan takardar taka, ba na karɓa. Shekara ashirin da shida ina sashen nan, ban taɓa ganin mai zubin da yake rubuta lokaci ba. Daga yau dole ne ga kowa." Ta juya. "Ke kuma, an soke ranarki. Zan kai maganar gaban kwamiti, kuma ba zan rage komai ba, za su ji cewa ke kika yi sakaci. In sun yarda, yara ashirin da biyu sababbi, daga farko. Abokan karatunki za su sa hula kina cusa wa yara kwaɓi a baki. Kuma ki sani, rabin milimitar nan taki wataƙila ba za ta dawo ba."

"Na sani, ranki ya daɗe."

"To kwashe kayanki. Ki bar min ɗaya in riƙa nuna wa sababbin ɗalibai."

A kan bene Birkila ya karɓi kwalin daga hannunta. Sai a ƙasa ya ce, "Har yanzu Allah ya isan tana nan?"

"Tana nan. Ban gama tunani ba."

"Abba fa?"

"Ya ce ƙafarka ba za ta taka shagonsa ba."

Ya gyaɗa kai, ya gyara riƙon kwalin. "Shekara guda da rabi," ya ce. "Allah ya ba mu rai."

*

Da yamma ta tarar da Abba shi kaɗai. Keken a rufe. Yana zaune da wani yadi a cinya, bai yanka ba, bai ɗinka ba.

Ta durƙusa ta gaishe shi, ta faɗa masa yadda aka yi, ba ta ƙara ba ta rage ba. Ya saurara yana shafa yadin.

"Wato shi ya je ya ce shi ne."

"Eh."

"Ke kika je kika ƙaryata shi."

"Eh, Abba."

"Shi kuma wancan, ɗan gidan Alhaji, ya ji da kunnensa ke ce, ya rubuta cewa yaron ne."

"Haka aka yi."

Sai ya kare bakinsa.

"Ina yaron shago, maigidana ya karɓi ɗinkin wani babban mutum. Yadin irin mai tsukewa ne in ya sha ruwa, dole a jiƙa shi ya bushe kafin a yanka. Maigidana yana sauri, ya yanka haka nan. Ni na gani. Wanki ɗaya, riga ta koma ta ƙaninsa. Da mutumin ya zo yana faɗa, maigidana ya nuna ni. A gaban mutane ya mare ni." Ya taɓa kuncinsa kamar jiya ne. "Na yi shiru, don ina son in koyi aiki. Shekara arba'in da biyar, maigidan nawa ya daɗe a ƙasa, na yafe masa. Amma har yau ina jira wani ya buɗe baki ya ce ba yaron nan ba ne."

Hawaye suna bin fuskarta, ba ta share ba.

"Kada ki ɗauka na canja magana," ya ce. "Ba takarda, ba zance."

"Na ji, Abba."

"Taurin kai dai kamar uwarki."

Ya miƙe da ƙyar, yana dafa keken. Ta zaci ciki zai shiga. Sai ya miƙa hannu kan kantar shagon, ya wuce gwangwanin maɓallai, ya sauko da kofin. Ya tsamo haƙoran, ya yarfe ruwan, ya juya su sama da ƙasa yana neman gabansu.

"Ta ina ake farawa?"

Ta tashi ta nuna masa. Ya juya mata baya ya saka, ya tsaya gaban madubin masu gwada kaya. Ya daɗe yana kallon mutumin da ke ciki. Ya motsa laɓɓansa, ya ciza, ya sake cizawa.

Da ya juyo, hannunsa yana gefensa, bai kai shi baki ba.

"Ɗinkin ba laifi," ya ce. "Amma nan gefen dama yana ɗan cizona. Ki ce masa ya zo ranar Asabar da kayan aikinsa ya rage min."